Tambayata ta farko: "Kana ina?"

'Yan uwa, aikina amsa kiran gaggawa ne, in tura direba ya kai mai naƙuda ko wanda hatsari ya rutsa da shi asibitin Gumel. Mai kira daga ƙauyukan Gagarawa ko Sule Tankarkar ba shi da lambar gida, sai dai ya ce "bayan tsamiya, daf da rijiya". A Maigatari kuwa, ranar Alhamis motocin dabbobi sun cika hanya, layin waya yakan tsallaka Nijar ya katse. Shi ya sa nake fara tambayar wuri kafin abin da ya faru: ko kiran ya yanke, na san inda mota za ta nufa. In kun kira 112, ku fara da sunan gari da unguwa.