Daga Fadamar Argungu Zuwa Bahon Tsakar Gida

Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu tafiyar kimanin awa guda ce a mota. Idan rani ne, galibin abin da ido ke gani a hanya busasshiyar ƙasa ce da karan gero, sai an kusa gulbi kore yake bayyana shar. Fadamar Rima ke nan. Duk shekara ruwa yakan malala ya shimfiɗa mata sabuwar laka, shi ya sa shinkafa take yi a nan. A Birnin Kebbi ma aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a watan Nuwamban 2015.

Kowa ya san Argungu da bikin kamun kifi wanda aka fara a 1934, aka kuma sa shi cikin jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016. A hutun da ya wuce na je garin, na shiga gidan tarihi na Kanta, na kuma tsaya a bakin Matan Fada, inda masunta ke faɗawa ruwa da homa da gora ranar biki. A can na tarar da yara suna tonon danshin gaɓa suna neman tana don yin fatsa. A wurinsu tana abincin kifi ce kawai. A gidan goggona kuwa, ɗanta da ke aji biyar na sakandare kiwonta yake yi.

Gidan ba fili, tsakar gida duk siminti ne. Sai ya samu tsohon baho ya huda gindinsa, ya cika shi da ƙasar fadama da ruɓaɓɓen kashin shanu da ɗan ƙaiƙayin shinkafa don iska ta riƙa ratsawa, ya shuka alayyafo da tumatir. A tsakiyar bahon ya binne robar fenti da ya wanke tas, wadda ya hudhuda jikinta da ƙusa mai zafi, bakinta kawai ya bari a waje da murfi. Nan ne ɗakin cin abincin tana. Takan shiga ta ramukan ta ci, ta koma cikin ƙasa ta yi kashi a gindin shuka. Kashin nan baƙi ne, lallausa, ba ya wari, kuma taki ne mai kyau ƙwarai.

Abincinta ba saye ake yi ba: ɓawon ayaba, ɓawon kankana, ganyen shayi da aka dafa, tsinken alayyafo, da kwali da aka yayyaga aka jiƙa. Tana ba ta da haƙora, wani ƙundu gare ta kamar na kaza, saboda haka ana yanka abincin ƙanana a barbaɗa ɗan dakakken ɓawon ƙwai. Ba a ba ta nama, ko miya mai gishiri da mai, ko yaji, ko ɓawon lemun tsami, ko ɗanyen kashin kaji. Tafin hannu ɗaya ya isa, kada a ƙara sai na baya ya kusa ƙarewa. In aka cika, abincin zai yi tsami ya ɗau zafi, ƙuda su taru, tana ta gudu ko ta mutu.

Ba kowace tana ce ke wannan aiki ba. Wadda ake nema ita ce mai zama kusa da sama, ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye ko tsohon juji mai danshi. Akwai wata irinta da masana ke kira Eudrilus eugeniae, asalinta Afirka ta Yamma, amma yau manoman Indiya da Filifin suna kiwonta suna sayar da takinta. Ƙasar Kuba ma ta rungumi kiwon tana bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991, lokacin da takin zamani ya yi mata wuyar samu. Tun a 1881 Charles Darwin ya rubuta littafi sukutum a kan aikin da tana ke yi wa ƙasa.

A Kebbi babban abokin gabarta shi ne zafi. Ta fata take numfashi, idan fatar ta bushe shi ke nan. Ta fi jin daɗin zafin da bai wuce maki 30 ba, alhali a watan Afrilu Birnin Kebbi kan haura 40. Don haka ɗan goggona yake ajiye bahonsa inda inuwar dogon yaro ke rufewa daga hantsi, ya lulluɓe jikinsa da jiƙaƙƙen buhun algarara. Wanda ke da tsohuwar randa ya fi dacewa, domin yadda take sanyaya ruwa haka za ta sanyaya ƙasar. Danshin da ake so kamar na tsumman da aka matse ne, ba caɓi ba. Sai kuma a kula da kaji da cinnaka. Murfi mai nauyi da ɗora bahon a kan bulo suna rage ɓarnarsu.

Ƙannena ɗalibai, buhun takin zamani ya fi ƙarfin iyaye da yawa, ga kuma ɓawo da ganye muna zubarwa a kwata kullum. Ku nemi izinin malaminku na aikin gona ku gwada a makaranta: baho biyu, ƙasa iri ɗaya, iri ɗaya, ruwa daidai, ɗaya da tana ɗaya babu. Ku riƙa auna tsawon shukar duk Juma'a kuna rubutawa har wata biyu, ku wanke hannu da sabulu bayan kowane aiki. Abin da ya fito, ku aiko wa wannan shafi mu gani.