Zumunta a Ƙafa Take, Har a Filin Ƙwallo

Wanda ya fara raɗa wa wasan ƙwallon da ba na gasa ba suna da Hausa ya iya zaɓen kalma: wasan sada zumunta. Babu maki a cikinsa, babu kofi, wanda aka ci ba ya faɗowa daga teburi, wanda ya ci ba ya hawa. Shi ya sa yawancin masu kallon ƙwallo suka raina shi. Idan watan Yuli ya kama, ƙungiyoyin Turai suka fara wasannin share fagen sabuwar kaka, sai ka tarar da rabin bencinan gidan kallo ba kowa. Koci zai iya sauya 'yan wasa goma sha ɗaya gaba ɗaya bayan hutun rabin lokaci, ya zuba yaran da ba ka taɓa jin sunansu ba. Abokaina suna kiransa atisayen da aka sa wa kuɗin shiga.

Ni ban taɓa shiga sahun masu raina shi ba, kuma dalilina yana cikin akwatin yayana. A watan Yulin 2008 Manchester United da Portsmouth, ƙungiyar da Nwankwo Kanu ya ci wa kofin FA watanni biyu kafin nan, suka zo Abuja suka buga wasan share fage. Yaya ya tara kuɗin mota da na tikiti, ya bar Kano tun asuba, ya dawo washegari murya a dishe. Guntun tikitin nan yana nan har yau, a haɗe da takardun makarantarsa. Idan ka tambaye shi yadda wasan ya gudana ba zai ba ka dogon labari ba. Abin da yake maimaitawa ɗaya ne: mutanen da ya saba gani a talabijin ya gan su da idonsa, suna haki suna share gumi kamar kowa.

Kowa da abin da yake nema a irin wannan wasa. Koci yana son ya ga ko 'yan wasansa sun dawo hutu da tumbi, ya kuma gwada sababbin da aka saya. Masu kulob suna son kuɗi, shi ya sa manyan ƙungiyoyi ke tafiya Amurka da Asiya kowace bazara. A 2014 mutum 109,318 suka kalli Manchester United da Real Madrid a jihar Michigan ta Amurka, a wasan da babu maki ko ɗaya na gasar gida a cikinsa. Ƙananan ƙungiyoyin Ingila kuma, waɗanda kuɗin ƙofa ne abincinsu, idan babbar maƙwabciya ta zo musu wasan sada zumunta, abin da suka tara ranar yakan rufe musu ɓaraka ta makonni. Shi kuwa mai goyon baya na nesa, irin yayana, wannan ne kaɗai wasan da ƙungiyarsa take takowa ta zo inda yake. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take.

Ita kuwa annobar korona, ƙafar ta fara ɗaurewa.

Ƙwallo ba ta fita daga farkon annobar da hannu mai tsabta ba. Ranar 19 ga Fabrairun 2020 mutanen garin Bergamo na Italiya wajen dubu 40 suka yi tattaki zuwa Milan don kallon ƙungiyarsu Atalanta da Valencia a gasar zakarun Turai. Atalanta ta ci 4-1, aka rungumi juna sau huɗu, aka cika motoci da gidajen abinci. Makonni kaɗan bayan haka Bergamo ya zama ɗaya daga cikin garuruwan da cutar ta fi yi wa ɓarna a Turai, har likitoci da magajin garin kansa suka ambaci wasan a cikin abubuwan da suka rura wutar. Ranar 11 ga Maris kuma Liverpool ta karɓi Atletico Madrid a Anfield a gaban mutum fiye da dubu 50, cikinsu har da baƙi wajen dubu 3 daga Madrid, birnin da cutar ta riga ta kama. Kwana biyu bayan nan aka dakatar da gasar Firimiya.

Da aka dawo, aka dawo ba mutane. Jamus ce ta fara ranar 16 ga Mayu, Ingila ta biyo baya ranar 17 ga Yuni. A Mönchengladbach magoya baya suka biya kuɗi aka buga hotunansu a kwali aka jera kan kujeru. Gidajen talabijin suka ɗauko ihun jama'a daga wasan kwamfuta na FIFA suka riƙa ɗorawa a kan hoto. Duk wanda ya kalla a lokacin zai tuna yadda abin yake: ƙwallo ta shiga raga, sai an yi daƙiƙa guda kafin mai danna maɓalli ya farga, sannan ihu ya taso daga kujerun da ba kowa a kansu. Wani lokaci ƙwallo ta bugi gefen raga ta waje, na'ura ta ɓarke da murna, sai a yi sauri a kashe ta.

Mu a nan Kano muna da namu shirun. An rufe gidajen kallo lokacin kulle, kuma a makonnin nan na ƙarshen Afrilu da garin ya yi ta binne dattawa muka rasa wani tela da ke zama a bencin gaba na gidan kallon unguwarmu. Baba kawai muke ce masa. Ɗan Arsenal ne tun zamanin Kanu, kuma ba ya barin ɗan Chelsea irina ya sha ruwa. Da aka sassauta doka aka buɗe gidan, mai shi ya ajiye bokitin ruwa da sabulu a bakin ƙofa, ya cire benci ɗaya tsakanin kowane biyu. Muka koma muna kallon filin da ba kowa, daga ɗakin da ya ragu da mutum ɗaya.

Ranar da ta tsaya mini a rai ita ce Asabar, 29 ga Agustan 2020. A ranar an buga wasanni biyu a Ingila. A Wembley, filin da ke ɗaukar mutum dubu 90, Arsenal da Liverpool suka kara a Community Shield. Aka tashi 1-1, Arsenal ta yi nasara a bugun fenareti, Aubameyang ya ɗaga garkuwar. Ya ɗaga ta ga kujeru. Shi muka kalla a gidan kallo, kuma da aka tashi 'yan Arsenal sun yi tsalle, amma idona yana kan gefen bencin gaba, inda mai tsokanar da ya fi kowa cancantar yin ta ba ya nan.

Da daddare na buɗe waya na kalli taƙaitaccen ɗaya wasan. A Brighton, garin da ke bakin teku kudu da Landan, an yi wasan share fage tsakanin masu gida da Chelsea. Gwamnatin Birtaniya ta zaɓe shi a matsayin gwaji, aka bar mutum kimanin 2,500 suka shiga filin da ke ɗaukar fiye da dubu 30. An warwatsa su, kowa da kujeru a tsakaninsa da na kusa da shi. Timo Werner, wanda Chelsea ta saya daga Leipzig, ya ci a mintunan farko. Pascal Gross ya farke da fenareti dab da tashi, aka yi kunnen doki. Babu wanda zai tuna wannan sakamako. Ni abin da na riƙe shi ne sauti. Da alƙalin wasa ya busa abin da bai yi wa masu gida daɗi ba, sai na ji gunaguni ya tashi nan take, ba jinkiri, daga bakin mutane masu rai da suka ji haushi. Na mayar da wurin baya sau uku. Wata biyar ban ji an yi wa alƙali ihu na gaskiya ba, kuma ban taɓa zaton zan yi kewar hakan ba. Da gaskiyar masu cewa mutane ne kasuwa, ba tarin rumfuna ba.

Ba a Ingila aka fara ba. Tun ranar 12 ga Yuli Faransa ta bar mutane suka shiga wasan sada zumunta tsakanin Le Havre da Paris Saint-Germain, bisa dokar da ta taƙaita taro a mutum dubu 5. PSG ta zuba wa masu gida ƙwallo 9 ba ko ɗaya. A ranar da lafiya take, wannan cin mutunci ne da zai sa magoya baya su fice kafin a tashi. Amma mutanen da suka yi wata huɗu ba su taka fili ba ai ba lissafin ci ne ya kawo su ba.

Me ya sa aka fara buɗe ƙofa da wasan da aka fi rainawa? A ganina rashin nauyinsa ne ya ba shi wannan daraja. Wasan da babu maki ana iya soke shi da safe ba wanda zai kai ƙara. Ba a buƙatar magoya bayan baƙi su cika jiragen ƙasa su ratsa ƙasa. Jini ba ya hawa sosai, don haka wanda aka ce ya zauna a kujerarsa zai fi iya zama. Masu kula da fili kuma suna samun damar koyon abin da ba su taɓa yi ba: yadda za a shigar da mutane kaɗan-kaɗan, yadda za a hana cunkoso a bayan gida da wurin sayar da abinci, yadda za a fitar da su ba tare da sun dunƙule a ƙofa ba. In za a gwada zurfin ruwa, ai ba da ƙafa biyu ake shiga ba.

Washegari muka yi musu da Yaya a kan wannan. Shi da ya taɓa kwana a hanya don wasan sada zumunta, shi ne ya fi kowa adawa.

"Kai yanzu saboda wasan da ko maki babu sai a tara mutane? Ka manta Baba?" ya ce da ni.

Na ce, "Yaya, ban manta ba. Amma in dai za a dawo wata rana, ta ina za a fara?"

"A jira magani," ya ce. "Ƙwallo ba ta gudu."

Ban iya ture maganarsa ba, don na san mutum 2,500 ɗin nan kowannensu gida zai koma, kuma a wasu gidajen akwai tsoho mai ciwon suga ko mai hawan jini wanda bai nemi a kai masa komai ba. Shi ma bai iya ture tawa ba, don ya san akwai mai gadin ƙofa da mai sayar da abinci da ƙaramin kulob da ba su da albashin da zai jira magani. Muka bar ta a nan, kowa yana ganin gaskiyar ɗan uwansa.

Abin da ya biyo baya ya ba kowannenmu rabon gaskiya. An shirya dawo da 'yan kallo a Ingila daga 1 ga Oktoba, amma da cutar ta sake tasowa Firaminista Boris Johnson ya dakatar da shirin ranar 22 ga Satumba. A Disamba aka bar wasu filaye su karɓi mutum dubu 2, kafin a sake rufewa. Sai 17 ga Mayun 2021, bayan allurar rigakafi ta yi nisa, aka yarda da mutum har dubu 10. Ko a bazarar 2021 wasannin share fage ba su tsira ba, don Arsenal ta fasa tafiya Amurka gasar Florida Cup bayan an samu masu ɗauke da cutar a tawagarta.

Kakar da aka buga kusan gaba ɗaya ba mutane ta bar wata shaida a teburi. A gasar Firimiya ta 2020/21 baƙi sun ci wasa 153, masu gida sun ci 144, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin gasar. Liverpool da ta yi wasa 68 a jere ba a doke ta a Anfield ba a gasar, sai ga shi an bi ta gida an ci ta sau shida a jere. Ciyawa ba ta canja ba, faɗin raga bai canja ba. Abin da ya ɓace shi ne mutanen da ke sa ƙafar baƙo ta yi rawa, su sa ɗan gida da ya gaji ya ƙara gudu. Ashe ɗan kallo yana cikin wasan, ko da bai taɓa ƙwallo ba.

Tun daga lokacin, idan samarin unguwarmu suka gayyato na wata unguwa wasan sada zumunta a filin makarantar firamare, ina zuwa. Babu kujera, babu tikiti, layin fili da toka ake ja, alƙalin wasa kuma ƙanen wani ne da kowa ya san ɓangaren da yake so. Nakan tsaya a bayan raga cikin ƙura tare da masu sayar da rake da yaran da ke jiran ƙwallo ta fita su bi ta da gudu. Ranar Juma'ar da ta wuce na biya wa Yaya a shago na ce ya zo mu je. Ya tambaye ni su wa da wa za su buga, na ce ban ma riƙe sunayensu ba. Ya yi dariya, ya ja ƙofar shagon ya sa kwaɗo, muka tafi.