Askar da ke kwance a zabira

Kafin kilifa mai aiki da lantarki ta cika gari, kowane gida da wanzaminsa. Shi ke yi wa jariri askin suna ranar bakwai, shi ke yi wa yara kaciya lokacin sanyi, in jiki ya yi nauyi kuma shi ake kira ya yi ƙaho. Ranar Juma'a da hantsi za ka gan shi a ƙofar gida, ya zauna kan tabarma ya buɗe zabira. Ba ya taɓa kan kowa sai ya gama da askarsa. Zai ɗiga ruwa a ɗan dutsen washi ya goga ta, ya bi da ita kan fata, ya ƙarasa a tafin hannunsa. Sannan ya jiƙa kai ya murza sosai, ya ce, "Maigida, sunkuyo kaɗan." Kafin hira ta yi nisa, aski ya zo gaban goshi.

Askar nan ba ta yini ɗaya ba ce. Wata ƙirar maƙeran gari ce, wata kuwa mai naɗewa ce cikin ƙotarta, ɗauke da tambarin Sheffield ta Ingila ko Solingen ta Jamus, garuruwan da suka yi suna wajen ƙera wuƙaƙe. Mutum kan yi aiki da guda ɗaya har ta sirance saboda washi, sannan ya bar wa ɗansa.

Abu biyu suka ture ta. Na farko reza: a 1903 kamfanin Gillette na Amurka ya fara sayar da wadda in ta dakushe jefarwa ake yi, ba a wasawa, kuma sannu a hankali irinta ta game duniya. Na biyu tsoron cuta. Daga 1986, da aka tabbatar da ɓullar ƙanjamau a Nijeriya, likitoci suka yi ta gargaɗi kan aske mutane da yawa da ƙarfe ɗaya. Gaskiya suka faɗa, har wanzamai da dama suka koma sa sabuwar reza ga kowane kai. Tsofaffin asake suka koma ƙasan zabira, tsatsa ta hau su.

Amma tsatsa ba mutuwa ba ce. Matuƙar ba ta ci bakin askar ta rarake shi ba, kuma ƙarfen bai tsage ba, za ta tashi. A ɗiga mata man keken ɗinki, a goge da samfefa mai laushi, a hankali. Kada a kai ta injin washin wuƙa, domin bakinta siriri ne, da ya ɗau zafi taurinsa ya tafi ke nan. Wajen washi a kwantar da ita gaba ɗaya kan dutse mai santsi, baki da gadon baya duka suna taɓawa, a tura baki na gaba. A kan fata kuwa akasin haka ne, gadon baya ke gaba, in ba haka ba ta yanke fatar. In ta share gashin hannu ba tare da an danna ba, ta yi. Bayan kowane aski a tsane ta sarai, don lema ce abokiyar gabarta.

Saboda haka wanda ya gaji askar mahaifinsa ko ta kakansa, kada ya miƙa wa 'yan jari-bola. Ya nemi dattijon wanzami a unguwarsu ya nuna masa yadda ake riƙe ta tun masu sanin suna raye. In ta tashi kuma, ta zama tasa shi kaɗai, ban da aro.