Ƙarfe Uku a Ƙofar Gidan Mutane

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Legas zuwa Akra a mota ya san cewa ba nisan ne ke gajiyarwa ba, tsaye-tsayen ne. Tafiyar ba ta kai kilomita 500 ba, amma sai ka tsaya a Seme, ka tsaya a Hilakonji tsakanin Binin da Togo, ka sake tsayawa a Aflawo kafin ka taka ƙasar Gana. Sau biyu ko uku nake bin hanyar a shekara, ina kai kayan fata daga Kano: takalma, jakunkuna da tumtum. Saboda haka na ɗauka babu wani irin jira da ban sani ba. Ashe da saura. Jiran da ya fi tsaya mini a rai ba a kan iyaka na gamu da shi ba, a wani ɗan layi ne na unguwar Kokomlemle, ranar wata Laraba da ƙarfe uku na rana.

Yayana ya haura shekara 20 a Akra, wadda tsofaffin zango har yau suke kira Ankara. Shagonsa yana kusa da kasuwar Nima. Wanda bai taɓa zuwa Nima ba zai yi mamaki: Hausa ce ke tashi ko'ina, ga masu koko da ƙosai da safe, ga masu wace da shinkafa da wake, ga kiran sallah daga kowace kusurwa, kuma daga bakin babban titi kana hango hasumiyoyin babban masallacin ƙasa na Kanda da aka buɗe a 2021. A cikin lungunan Nima da Mamobi kuwa ba a maganar mota, don wani lungun ko mutum biyu sai sun karkace kafin su wuce juna. Shi ya sa da Allah ya buɗa wa Yaya, ya sayi mota, sai ya kwashe iyalinsa ya kama haya a wajen Kotobabi, gida mai get da ɗan filin ajiye mota.

Tun daren da na sauka yake mini ƙorafi. Gidan da ke kallon nasa an mayar da shi makarantar kuɗi, nazire da firamare. Ya ce, "Ƙanena, gobe za ka gani da idonka. Da ƙarfe bakwai na safe ba na iya fita daga gidana, da ƙarfe uku ba na iya shiga. Mutum ya zo ya dasa maka mota a bakin get, ka yi magana ya ce minti biyu ne. Minti biyun nan wallahi har shayi za ka dafa ka sha." Na taya shi jin haushi, har na ce ai wannan rashin tarbiyya ne.

Laraba ce ranar kasuwar Nima, ranar da ɗan kasuwa ba ya ɗaga ƙafa daga shago. Wajen ƙarfe biyu da kwata Yaya ya miƙo mini makulli, ya ce, "Taimaka ka ɗauko mini Auta. Ka yi sauri, in ka makara ba za ka sami wurin tsayawa ba." Autar tasa tana aji uku a wata makarantar kuɗi a Kokomlemle, unguwar da ke tsakanin Nima da shataletalen Kwame Nkrumah, wanda kowa ke kira Sakul. Tuƙi a Gana bai yi mini wuya ba, tunda su ma dama suke bi kamar mu. Na bi ta cikin motocin haya da suke kira tirotiro, yaran mota na leƙowa suna kiran "Sakul, Sakul", na karya na shiga unguwa.

Kokomlemle tsohuwar unguwa ce ta zama. Gidajen ƙasa ne da benaye masu hawa ɗaya, da katanga gajera, da bishiyar mangwaro ko ta darbejiya a tsakar gida. Da yawansu yanzu sun koma ofisoshi, wuraren buga takardu, coci-coci da makarantu. Layin da makarantar take ba zai wuce mota biyu su gifta juna ba, kuma hagu da dama lambatu ne a buɗe, mai zurfin da in taya ta faɗa sai an kira majiya ƙarfi. A bakin lambatun ga kwantenar mai kayan masarufi, ga teburin mai soyayyar ayaba, ga mai lemo da ruwan leda, duk suna jiran a tashi yara.

Na iso ƙarfe uku saura ashirin, amma na tarar an riga ni. Motoci sun yi sahu a gefe guda tun daga bakin layi, wasu sun fara sahu na biyu. Yawancinsu injin na kunne saboda iyakwandishan. Na yi ta lallaɓawa har na hango wani gurbi a gaban wani get mai launin shuɗi. Na ga rubutu a jikinsa da farin fenti cewa kada a yi fakin. Na karanta sarai. Sai na ce a raina, ai minti biyu ne.

Ina kashe mota, wata jif ta zo ta tsaya a bayana, bamba na taɓa bamba. Wata tasi ta tsaya a gefena, direban ya fita ya bi mai ayaba. Aka kaɗa ƙararrawa, get ɗin makaranta ya buɗe, yara suka ɓarke kamar an buɗe akurki. Daga nan layin ya ɗinke. Masu shigowa daga sama sun yi karo da masu shigowa daga ƙasa, babu mai niyyar yin ribas, kowa ya ɗora hannu a kan hon. Babura suna kutsawa ta duk inda suka ga rata. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yaran: ɗan shekara biyar tsayinsa bai kai madubin jif ba, yana ratsawa tsakanin motoci da jaka a baya, direba ba ya ganinsa sam. Maigadin makaranta shi kaɗai, da usur a baki, yana riƙe da hannun yara uku yana daka wa na huɗu tsawa.

Na samo Auta, na riƙo hannunta gam. Muna isowa wurin mota na ga shuɗin get ɗin a buɗe, wata dattijuwa tana tsaye da ɗankwali a hannu, tana dukan bonet ɗin motar Yaya da tafin hannu. A bayanta ga tsohuwar motarta a kunne, ƙofar baya a buɗe. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Da Turanci ta ce, "Ɗana, motarka ce? Maigidana ba ya iya numfashi. Asibiti za mu."

Na faɗa mota na tayar, amma ina zan je? Gaba mota, baya jif, gefe tasi babu direba. Na fito ina ihu ina neman mai jif, aka ce yana cikin makaranta wajen biyan kuɗi. Ko da an same shi ma, layin gaba ɗaya ya toshe. A ƙarshe wasu samari biyu daga shagon buga takardu suka ce a ɗauko tsohon a kan kujera. Muka shiga falo, muka ɗora shi a kujerar roba, ni da su da mai kwantena muka ɗaga. Muka bi ta gefen lambatu, muna ɗaga kujerar sama in mun zo wurin madubin mota, har bakin babban titi inda aka tare tasi. Ina jin yadda ƙirjinsa ke ƙara kamar ana jan zarto. Auta tana biye da mu, rungume da jakar matar, wadda ban ma san lokacin da ta karɓa ba.

Sai wajen huɗu saura na iya fitar da motar. A hanya yarinyar ta yi shiru, can ta ce da Hausarta ta zango wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji, "Baffa, Mama ɗin nan kullum yana roƙon Baba kar ya tsaya a wurin." Ban ce komai ba. Da daddare na ba Yaya labari, na haɗa da abin da 'yarsa ta faɗa. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Mutumin da ya kwana biyu yana mini ƙorafin masu toshe masa ƙofa, ashe shi ma kullum yana toshe ta wani. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ranar Juma'a bayan masallaci muka sayi lemo da ayaba muka je ba da haƙuri. An kwantar da tsohon, amma ya samu sauƙi, alhamdu lillahi. Matar ta ba mu kujera a baranda. Ashe ita ma malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Ta nuna mana makarantar da hannu, ta ce gidan wani ma'aikacin gwamnati ne a da, mai ɗaki biyar, mota ɗaya ce ke shiga tana fita. Da ya rasu magada suka ba da haya, aka ɗora bene, aka cinye tsakar gidan da azuzuwa. Ta ce, "Alhaji, ba na ƙin yara, a cikinsu na tsufa. Amma gidan iyali ɗaya aka zuba wa iyali ɗari, hanya kuwa ba a ƙara mata ko taku ɗaya ba."

Da muka fito sai na yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa. Mota ɗaya in ta tsaya tana cin wajen mita biyar zuwa shida. In motoci 60 kacal suka zo a lokaci guda, suna buƙatar fiye da mita 300 na gefen titi, ba tare da an cire ƙofofin gidaje da kwantenoni ba. Na auna layin da ƙafa, bai kai hakan ba. To ina sauran za su tsaya in ba a ƙofar mutane da tsakiyar hanya ba? Kuma kowa na zuwa da wuri ne don tsoron rasa wuri, sai tsayuwar minti biyar ta koma ta minti arba'in. Ƙidayar 2021 ta nuna yankin Akra da kewaye ya haura mutum miliyan 5. An yi gadar sama a Sakul a 2016, manyan tituna sun samu gyara, amma gada ba ta shiga lungu. Cunkoson ƙarfe uku a cikin unguwa ake haifarsa, kuma mu iyaye ne ke haifarsa.

Na ce mu, domin akwai rabonmu a ciki, mu 'yan kasuwa mazauna ƙasashen mutane. Da zarar ciniki ya yi albarka, abu na farko shi ne a cire yaro daga makarantar unguwa a kai shi mai tsada a nesa, na biyu a sayi motar kai shi. Niyyar mai kyau ce, kowa na son ɗansa ya fi shi. Amma a Nima na ga wani abin da na kusa mantawa da shi. Da an tashi daga boko, wadda a can suke kira sukuu, sai ka ga yara a ƙafa rukuni-rukuni, babbar ya a gaba, ƙanne a tsakiya, mai koko ta san sunan kowa, mai shago na tsawata wa wanda ya kauce. Su ci abinci, su sauya kaya, su wuce makaranta, wato ta allo ko Islamiyya, don a Gana ita ake nufi da wannan suna. Ba hon, ba ribas. Ba cewa nake kowa ya sayar da motarsa ba, amma tarbiyyar da ke cikin wannan tafiyar ƙafa ba a samunta a kujerar baya.

Kafin na baro Akra, Yaya ya yi abu biyu. Ya nemi wasu 'yan kasuwa uku na Nima da 'ya'yansu ke makarantar, suka yi kamar adashi: kowa da ranarsa ta ɗauko yaran duka, ranar Laraba kuma matar ɗaya daga cikinsu ce ke zuwa. Motoci huɗu sun koma ɗaya, kuma kowa ya samu ƙarin kwana uku cur a shago. Sannan ya daina shiga layin gaba ɗaya. Ya yi magana da wani mai wankin mota a bakin babban titi, yana ba shi 'yan sidi kaɗan, ya ajiye motar a can ya taka. Na bi shi sau ɗaya ina duba agogo: minti shida zuwa, minti bakwai dawowa da yara. Muka bar waɗanda suka riga mu zuwa suna ta danna hon. Ya kuma ce zai kai maganar taron iyaye da malamai, ko za a riƙa tashin 'yan nazire rabin awa kafin manya, a kuma roƙi iyaye su riƙa shiga layin ta sama su fita ta ƙasa. Ko an amince, sai na koma zan ji.

Shi kuma nasa get ɗin na Kotobabi har yanzu ana toshe shi. Sai dai ya ce yanzu in ya fito ba ya faɗa. Yakan ƙwanƙwasa gilashi ya yi sallama, ya ba mutum labarin tsohon da aka ɗauka a kujerar roba. Wasu su ja motarsu, wasu su ce minti biyu ne.

Na dawo Kano ranar wata Litinin. Washegari uwargida ta ce in biya in ɗauko yara. Na isa layin makarantarsu, na tarar da abin da na baro a Kokomlemle, sai dai a nan 'yan adaidaita sahu sun fi yawa. Shekara huɗu ina zuwa wurin, ban taɓa lura cewa inda na saba tsayawa ƙofar garejin wani ba ce. Na wuce, na ajiye motar can gaba kusa da mai faci, na dawo a ƙafa. Ƙaramin ya tambaye ni, "Abba, motar ta lalace ne?" Na ce masa lafiyarta ƙalau, kawo jakar in riƙe maka.