Daƙiƙa 40 kacal na samu na hannun Kaka

1/ Masu ɗaukar bidiyo da waya, ku matso kusa. Zan ba ku labarin kuskuren da na tafka a zangon karatun da ya wuce, wanda har yau in na tuna sai raina ya sosu. Zaren na da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

2/ A makaranta aka ba mu aiki: fim na minti biyar kan wata sana'a da ke ɓacewa. Ban sha wahalar zaɓe ba. Kakata tun tana yarinya take kaɗi, kuma a unguwarsu ita kaɗai ta rage mai juya mazari.

3/ Na kira ta. Ta ce, "Kishiya, a talabijin za ki saka ni? To ki zo da sassafe, in rana ta ɗaga ba na iya dogon zama." Ku riƙe wannan maganar.

4/ Ranar Asabar muka isa ni da ƙawata wajen ƙarfe takwas. Waya ɗaya muka riƙo, ko layi ɗaya ban rubuta ba, wai tsarin yana kaina. Da yake da ƙofar gida fim ɗin zai buɗe, sai na fara ɗauka daga ƙofar gida.

5/ Na ɗauki zaure, na ɗauki rijiya, na bi kaji har bayan ɗaki. Duk a 4K, wanda a wayata minti ɗaya ke cin kusan MB 350. Kaka na kan tabarma da taskirar audugarta tana jira. Sau biyu tana shafa alli a yatsu.

6/ Sai sha ɗaya da rabi na juyo kanta. Rana ta take, inuwa ta rufe mata idanu. Muka koma rumfa, maƙwabta suka tada injin markaɗe. Yana tsayawa waya ta ce wuri ya cika. Ina cikin goge-goge aka kira azahar, Kaka ta ce ita fa ta gaji.

7/ Abin da na samu na hannunta tana kaɗi daƙiƙa 40 ne. Kaji sun samu minti shida. Na ce ba komai, zan dawo. Gwaje-gwaje suka taso, na ɗaga sati biyu. Kafin in koma ta gamu da shanyewar ɓarin jiki.

8/ Alhamdulillahi tana raye, tana magana, har tsokanata take yi. Amma hannun damanta bai ƙara riƙe mazari ba.

9/ Da na nuna wa malaminmu abin da na ɗauko, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Me ba za ki iya sake ɗauka gobe ba? Da shi ake farawa." Ƙofar gidan nan tana nan har yanzu, ko yau na je zan same ta.

10/ Ga yadda nake yi yanzu. Daren jajiberi nake rubuta jerin ɗauka a takarda: me zan ɗauka, a ina, ƙarfe nawa, daga nesa ne ko tsaka-tsaki ko daf. Sai in sa tauraro a kan waɗanda in babu su babu fim. Su ne farko.

11/ Ba na bin jerin labari wajen ɗauka, wannan aikin editin ne. Wuri nake bi. Duk abin da ke tsakar gida in gama shi kafin in shiga ɗaki, ko da a fim ɗin ɗaya na farko ɗaya na ƙarshe.

12/ Rana ma tana cikin jadawali. Fuskar mutum a fili, awa ɗaya bayan fitowar rana ko bayan la'asar sakaliya. Tsakar rana na bar wa cikin ɗaki da rumfa, mutum ya zauna haske na shigo masa ta gefe.

13/ Sai lokacin mutane. Ina tambaya tun kafin ranar: yaushe ake markaɗe, yaushe ake tada janareta, yaushe yara ke dawowa daga Islamiyya. Ina cire lokacin salla. Abin da na zata zai ci minti goma, ashirin nake rubuta masa.

14/ Ƙanana amma suna ceto: a kwashe kayan waya tun dare, a cika batir, a koma 1080 in ba dole. Kowace ɗauka a riƙe ta aƙalla daƙiƙa goma kafin a tsayar.

15/ Da Kaka ta ji sauƙi na koma da takardata. Bakwai da rabi na zaunar da ita a bakin ƙofar ɗaki, ta bayyana min gurza da shiɓa da yadda ake fitar da abawa. Takwas da kwata mun gama. Muryar nan na ɗora kan daƙiƙa 40 ɗin, na rage musu sauri.

16/ Da na kunna mata a waya ta kalla har ƙarshe, ta yi shiru, sannan ta ce, "Kishiya, ina kajin? Ai su kika zo wa." Mun yi dariya, amma ni a mota na yi kukana.

17/ In akwai tsoho a gidanku mai wata sana'a a hannu, ku rubuta jerinku yau, ku sa hannun nasa a lamba ta ɗaya. Kuma don Allah ku sa min Kaka a addu'a, Allah Ya ƙara mata lafiya.