Inda Iskar Hunturu Ke Ciyar da Mutane

Jama'a, iskar nan mai tsaga mana leɓe ita ke ciyar da mutanen tsibirin Sal na ƙasar Kabo Berde, kimanin kilomita 600 yamma da Senegal. Daga Nuwamba zuwa Afrilu takan kaɗo daga arewa maso gabas, wata rana har da hazo. Can na ga baƙi tsaye bisa allo, babbar laima na jan su a kan teku. A gabashin Santa Mariya iska gaɓa take tura mutum, nan ake koyo. A Ponta Preta kuwa cikin teku take kora shi, igiyar ruwa na fashewa kan duwatsu. Sai gwanaye irin Mitu Monteiro, zakaran duniya a 2008. Ni dai daga tudu na yi kallo.