Fari a sama, shuɗi a ƙasa: Daga Bradford zuwa tsaunukan Sikotilan

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, direban haya ne. Ya yi shekaru yana jigilar fasinja tsakanin Kano da Wudil da wata bas ƙirar Volkswagen, irin wadda ake kira Kombi, mai inji a baya, wadda ba ta shan ruwa domin iska ce ke sanyaya ta. Ran Juma'a, ranar kasuwar Wudil, ba ma ganinsa sai bayan isha'i. Ina ɗan shekara bakwai aka sayar da ita, kuma ko hotonta ɗaya ba mu da shi a gida. Abin da ya rage mini game da ita shi ne warin fetur, da ƙarar ƙofarta idan yaron mota ya zuge ta, sai kuma launinta: fari daga taga zuwa rufi, shuɗi daga taga zuwa ƙasa.

Wannan launi ne ya ja ni, bayan shekara talatin da ɗoriya, zuwa wani gareji a birnin Bradford na ƙasar Ingila.

Turawa suna da wata al'ada ta mayar da ƙaramar motar ɗaukar kaya ta zama ɗaki. A sa mata gado mai naɗewa, da risho na gas, da ɗan firji, da tankin ruwa, mutum ya kwashi iyalinsa ya nausa, inda dare ya yi nan ne masauki. Ni nakan kira ta motar yada zango. Da karatuna ya zo ƙarshe, ya rage mana 'yan watanni mu tattara mu dawo gida, sai na ga ba zai yiwu yarana biyu su bar ƙasar nan ba su san komai nata ba sai layinmu da makaranta da masallaci. Na sayi wata tsohuwar Volkswagen Transporter ƙirar 2008, fara fat, wadda a da ta wani mai gyaran famfo ce kafin wani ya mayar da ita ɗaki. Niyyata mu zaga da ita, sannan in sayar kafin mu tashi.

Uwargida ba ta yi gardama a kan sayen motar ba. Maganar launi ce ta tsaya mata a rai. “Baban Khalil,” in ji ta, “motar da za ka sayar nan da wata huɗu ita za ka kashe wa kuɗin kwalliya? Wannan kuɗin ai ya isa jigilar akwatunanmu.” Gaskiyarta. Na kare kaina da cewa mota mai launi biyu ta fi saurin samun mai saye, kuma ba ƙarya na yi ba, sai dai ba shi ne dalilina ba, ita ma ta san haka.

Sha'awar launi biyu a jikin irin wannan mota tsohuwa ce. A 1947 wani dillalin motoci ɗan ƙasar Holan mai suna Ben Pon ya zana siffarta a takarda, a 1950 aka fara ƙera ta a Wolfsburg ta Jamus, daga 1956 aikin ya koma Hanover. Tun a shekarun farko aka riƙa fito da waɗansu da fenti kashi biyu, har abin ya zama tambarinta. Ƙasar Birazil ce ta ƙarshe da ta daina ƙera tsohon samfurin, a ƙarshen 2013. Da kamfanin ya fito da sabuwa mai aiki da lantarki a 2022, wato ID. Buzz, sai ga ta da launi biyu ita ma.

Fenti mai kyau a Ingila tsada gare shi, shi ya sa da yawa suka koma naɗe mota da ledar manne. Mai karatu ya san abin ko da bai san sunansa ba: ita ce ake lulluɓe bas-bas da ita lokacin kamfen, a wayi gari fuskar ɗan takara ta mamaye mota tun daga ƙofa har but. Bambancin shi ne wadda ake sa wa motar gida launi ɗaya ce, lafiyayya, in ba ka sa farce a gefenta ba sai ka rantse fenti ne. Tunda saman motata fari ne da ma, rabin ƙasa kawai za a naɗe, kuɗin ya ragu ke nan.

Garejin yana cikin wata tsohuwar masaƙa. Bradford gari ne da ya yi tashe da sarrafa gashin tumaki a ƙarni na 19, har yau dogayen bututun hayaƙi na tsaye a kan gine-ginen dutse da suka yi baƙi, amma cikinsu yanzu masu sayar da kafet ne da kanikawa da wuraren biki. Na shiga ina tsammanin abin da na saba gani a Kwakwaci: baƙin mai a ƙasa, yara da sifana, rediyo na tashi. Sai na tarar da wuri kamar ɗakin tiyata. An share ƙasa tas, fitilu ta ko'ina, an kunna na'urar ɗumama ɗaki, domin leda ba ta son sanyi kuma ƙwayar ƙura ɗaya in ta shiga ƙarƙashinta sai ta fito kamar ƙurji.

Mai aikin, wani Bature mai furfura da ba ya son yawan magana, bai tambaye ni launin da nake so ba. Ya zaga motar sau biyu, ya durƙusa wajen tayar baya, ya shafa da tafin hannu. Ya ɗauko ɗan maganaɗisu ya ɗora a ƙofar direba, ya kama. Ya kai shi saman tayar baya, ya faɗo ƙasa. Ya sake gwadawa a gindin ƙofa mai zugewa, ya sake faɗowa.

Ya ce wurin ba ƙarfe ba ne, cike shi aka yi da bodifila aka fesa fenti a kai, kuma tsatsa tana ci daga ciki. Ya nuna mini waɗansu ƙananan kumburi da ban taɓa lura da su ba. Wanda ya sayar mini da motar bai ce mini komai ba, ni kuma da na je saye gado da risho na tsaya dubawa.

Na tambaye shi, cikin muryar da ni kaina ban ji daɗinta ba, ko ba za a iya naɗewa haka nan ba. Ya ce ana iyawa, kuma akwai masu yi a garin. Ledar za ta rufe wurin na 'yan watanni, daga nan kumburin ya bayyana, ranar da aka zo ɓare ta kuwa za ta taho da fentin da abin da ke ƙarƙashinsa. Ya ce shi dai ba zai sa hannunsa ba. Sannan ya tambaye ni yaushe zan sayar da ita. Na ce nan da wata huɗu. Ya dube ni bai ce uffan ba.

Wata huɗu ya isa ledar ta rufa mini asiri har in karɓi kuɗina in hau jirgi. Na yi wannan lissafin a tsaye a wurin, ba zan ɓoye ba. Mu da muka sha sayen motocin Beljiyam mun san wannan ciniki ciki da waje: a kai mota wurin fanabita, a cike, a fesa, a goge taya da mai, wanda ya saya shi da Allah. Kullum muna tsine wa masu yin haka, ban taɓa zaton zan tsinci kaina a layinsu da sauƙi irin wannan ba.

Na kai ta wurin mai walda. Aka yanke ruɓaɓɓen ƙarfen, aka sa sabo, aka yi fenti. Sai kuma jira, domin sabon fenti yana buƙatar makonni kafin ya gama bushewa a ɗora masa leda. Tafiyar da muka shirya a watan Mayu ta koma ƙarshen Yuni, kuɗin jigilar akwatuna kuwa ya tafi. Kwana biyu uwargida tana kawo mini abinci ba tare da ta zauna ba.

Ranar naɗin na roƙi a bar ni in kalla. An cire hannayen ƙofa da fitilu, an wanke jikin motar, an bi kowane lungu da sinadarin goge maiƙo. Daga nan ya bi layin da ke ƙasan tagogi da wani siririn tef mai zare a cikinsa. Shi da yaronsa suka ɗaga ledar, faffaɗa kamar zanin gado, suka ɗora. Yana bi da ɗan falankin roba yana korar iska daga tsakiya zuwa gefe, inda jikin motar ya lanƙwasa sai ya hura mata zafi ta yi laushi ta kwanta. Da ya gama sai ya ja zaren nan, ya yanke ledar daga ƙarƙashi, layi ya fita santal ba tare da wuƙa ta taɓa fenti ba. A ƙarshe ya sake bin gefuna da zafi mai ƙarfi, kusan digiri 90, wai don ledar ta manta da siffarta ta da, kada ta ja da baya. Ya ce mai kyau takan kai shekara biyar zuwa bakwai a yanayinsu. Na tambaye shi a ranar Kano fa? Ya ce bai san Kano ba, amma rana ita ce babbar maƙiyiyar leda.

Sauran aikin na takarda ne. A Birtaniya in ka sauya launin mota sai ka sanar da hukumar DVLA da ke Swansea a gyara takardar mallaka, ka kuma sanar da kamfanin inshora.

Muka kama hanyar arewa. Daga Inverness muka hau hanyar da ake kira North Coast 500, wadda aka ƙaddamar a 2015, zagaye ne na mil 516 da ke bin gaɓar teku ya dawo inda ya faro. A wurare da dama titin na mota ɗaya ne, sai 'yan wuraren rakuɓewa da aka tanada don a ba juna hanya, kuma duk wanda ka ba hanya sai ya ɗaga maka hannu. Tumaki sun fi mutane yawa. Mun hau Bealach na Bà, mashigin da ya kai mita 626 kafin ya gangara Applecross, ina kan giya ta biyu, uwargida na karanta duk addu'ar da ta sani, yara na ihun murna. Daga ƙoli muka hango tsibirin Skye kwance a cikin ruwa. Rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma na dare, magariba da asuba suka matso kusa da juna har barci ya rasa wurin zama. Ga waɗansu mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da suka sa na yi kewar sauron Kano, wanda aƙalla yakan yi sallama kafin ya ciji mutum.

Ba kowa ke murna da irinmu ba. Mazauna ƙauyukan suna kokawa da masu motocin zango da ke tare hanya, su kwana inda suka ga dama, su zubar da ƙazanta a bakin rafi. Na ga alamun hakan da idona, kuma ina ganin suna da hujja. Mu dai a wuraren da aka keɓe muka riƙa kwana, muna biya.

A Durness, can ƙuryar arewa maso yamma, na faka motar a saman wani tudu, farin yashi da teku a bayanta. Na sa Khalil ya tsaya a bakin ƙofa mai zugewa kamar yaron mota, na ɗauki hoto na tura wa Hajiya ta WhatsApp. Ban rubuta komai ba, ina so ta gane da kanta.

Can sai ga saƙon murya. Ta sa wa jikokinta albarka, ta ce mota ta yi kyau, Allah Ya tsare hanya. Na kasa haƙuri na kira ta.

“Hajiya, ba ta tuna miki da komai ba? Motar Baba fa.”

Ta yi shiru kaɗan, sannan ta yi dariya har da tari. “Kai, ɗan nan. Ai motar Malam koriya ce. Shuɗiyar ta maƙwabcinmu ce, wadda kake wuni a cikinta kana murza sitiyari.”

Uwargida tana gefe tana dafa shayi a kan risho, ta ji komai. Ta miƙo mini kofi, ta zauna kusa da ni a bakin ƙofar, ta tambaye ni nawa ne kuɗin koriyar leda.